Kafin ka sayi motar shiga daji, leƙa ƙarƙashinta

Yawancin masu sayen jif fenti suke dubawa, da kujeru, da sanyin cikin mota. Ni kuwa shawarata ita ce ka fara durƙusawa a gaban motar, ka leƙa tsakanin tayoyin gaba. In ka ga ƙarfe guda mai kauri ya miƙe daga wannan taya zuwa waccan, da wani ƙullutu kamar kabewa a jikinsa, to aksul ne na sanda guda. In kuwa kowace taya tana da nata hannuwan, ga shaf, wato ƙarfen da ke juya tayar, da roba mai ninki-ninki a bakinsa, to kowacce cin gashin kanta take yi.

Aksul na sanda guda kamar sikeli yake. Taya ɗaya ta hau dutse, ɗayar sai ta danna ƙasa, shi ya sa a kwazazzabo ko hanyar da ruwa ya zaizaye tayoyin ke riƙe ƙasa maimakon ɗaya ta rataye a sama tana juyawa a banza. Kuma komai lodin da ka danƙara, tazarar da ke tsakanin aksul ɗin da ƙasa ba ta raguwa, sai dai ɗan lotsawar taya. Sassansa kaɗan ne, bakaniken ƙauye ma zai iya lallaɓa shi ka isa gida. Dalilin da ya sa Toyota ba ta raba Land Cruiser 70 da shi ba ke nan tun fitowarta a 1984. Haka ma Nissan Patrol Y61, da Jeep Wrangler, da ƙaramar Suzuki Jimny.

Sai dai fa zai jijjiga ka. Ƙarfen yana da nauyi, kuma duk dukan da taya ɗaya ta sha sai ya ratsa zuwa ɗayar. Yi tafiyar awa huɗu a kan gargada, bayanka zai ba ka labari.

A nan ne mai cin gashin kai ke nuna kansa. A hanyar burji, ko rairayi inda ake son ɗan gudu, kowace taya na haɗiye raminta ita kaɗai, sitiyari na zaune a hannunka, fasinja ba ya buga kai da rufi. Prado ta koma wannan tsari a gaba tun 1996, Land Cruiser 100 ta biyo a 1998, ko da yake an bar 'yar'uwarta 105 da tsohon aksul saboda masu aikin wahala. Rauninsa robar shaf ɗin nan ce. Kututture ya yage ta, giris ya zube, yashi ya shiga, bayan 'yan makonni ka fara jin ƙas-ƙas in ka karya kwana. Ga bol-join da bushin, wato gaɓoɓi da robobin hannuwan taya, da ke son canji a kai a kai, kuma idan gaban ya nutse a rami, cikin motar na sauka kusa da ƙasa.

To wanne za ka ɗauka? In aikinka gona ne da kasuwannin ƙauye, kuma rabin tafiyarka a kwalta take, nemi irin tsarin Hilux ta yanzu: mai cin gashin kai a gaba, aksul na sanda guda da sifirin na faranti a baya don lodi. Wannan ya ishi mutum tara cikin goma da na sani. Aksul guda gaba da baya na wanda ke kwana biyu bai ga shagon kayan gyara ba ne, ko mai ratsa duwatsu da kaya niƙi-niƙi.

Ranar ciniki ka tafi da bakanikenka da tocila. A aksul guda, a duba ƙarshensa ta bayan taya ko mai na tsatsa. A ɗayan kuwa, a matsa robar shaf da yatsa a ga ko ta tsage, a ɗaga motar da jak a girgiza tayar sama da ƙasa. In ta yi kwaram-kwaram, a rage kuɗin gyaran daga farashi kafin a ce sallama.