Amurka ko Jamus, ga mai son koyar da sadarwa tsakanin al'adu

Ƙanwata, kin ce kin gama digiri na biyu a fannin sadarwa, kina son zama malamar jami'a mai nazarin yadda mutanen al'adu daban-daban ke fahimtar juna, kina tambaya ko Amurka za ki nufa ko Jamus don yin digiri na uku. Ga yadda nake gani.

A Amurka fannin ya fara tsayawa da ƙafarsa, tun lokacin da masanin al'adu Edward T. Hall ke horar da jami'an diflomasiyya a shekarun 1950. Digiri na uku a can yakan ci shekara huɗu zuwa biyar: darussa tukuna, sai babbar jarrabawa, sannan kundi. Galibi ana yafe kuɗin makaranta, a ba ki ɗan albashi, ke kuma ki riƙe aji. Wannan ajin shi ne ribar tafiyar. Ranar da ɗalibi ya kira ki da sunanki kai tsaye, ba Malama ba komai, ya kuma musa maganarki a gaban kowa, ranar kika fara ganin abin da kike karantawa da idonki. Kafin ki gama, hannunki ya faɗa da koyarwa.

Jamus kuwa, farfesa za ki nema da kanki, ki aika masa tsarin bincikenki. In ya karɓe ki, shi ne uban digirinki, haka ma suke kiransa. Mafi yawan jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, DAAD, hukumar musayar ilimi ta Jamus, na ba da tallafi, jami'ar Bayreuth kuma ta yi suna wajen nazarin Afirka. Sai dai babu mai bin ki da jadawali. Wadda ba ta zo da tambayarta a hannu ba, sai shekara ta wuce tana laluben hanya.

Wajen aiki ne nake jin tsoron Jamus. Dokarsu ta 2007 ta ƙayyade kwantiragin wucin gadi na malamai da masu bincike a jami'a: shekara shida kafin digiri na uku, shida bayansa, kujerun dindindin kuma ƙalilan ne. A Amurka ma samun gurbi sai an sha wuya, amma wanda ya samu, bayan kamar shekara shida ana duba aikinsa a tabbatar da shi.

Tunda koyarwa kika ambata da farko, Amurka nake zaɓa miki. In kuwa akwai binciken da ke hana ki barci, misali yadda ake cinikin shanu tsakanin Bahaushe da Bayarabe a Legas, to ki fara rubuta wa malaman Bayreuth tun yanzu.