Lafazin Ingila ko na Amurka? Amsa ga ƙanwarmu

Ƙanwata, tsakanin lafazin turancin Ingila da na Amurka da kika tambaya, ki kama na Ingila kawai ki huta.

Ni har yau ina da wata tsohuwar Oxford, ƙamus ɗin turancin nan, da Baba ya sayo min a Sabon Gari lokacin zan zana WAEC, bangon ya yage na manne shi da salatif, a cikinta na fara gane cewa ƙananan alamomin nan da ke gefen kowace kalma ba ado ba ne, lafazinta suke nunawa. Ranar da na gano mutumin Landan ba ya faɗin r ɗin ƙarshen "car" da "teacher", kaa kawai yake cewa, tiica, sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, ashe ticar da muke kira tun firamare ba mu yi nisa da su ba. Kuma jan wasalin nan ai a bakinmu yake, wanda ya iya raba garin zama da garin tuwo ba zai sha wuya wajen raba "ship" da "sheep" ba. Ga shi oral ɗin WAEC da NECO a kan na Ingila aka gina shi, rubutun makarantunmu ma "colour" ne da "centre", harafin z ma zed muka koya ba zii ba. IELTS kuwa, jarrabawar turancin nan ta masu son fita waje, duka biyun suna karɓa, kar wani ya tsorata ki.

Na Amurka yana da daɗi a fim, shi ke nan. "Water" ta koma wara, ki je shago a Kaduna ki ce wara ki ga kallon da mai shagon zai miki.

Amma tsakani da Allah inda mu Hausawa muke tuntuɓe ba Landan ba ne ba New York ba, p da f ne, sai v da b, sai th da muke mayarwa z ko s. Fa ɗinmu da leɓɓa biyu muke yinta, tasu kuma haƙoran sama ne ke sauka a kan leɓen ƙasa. Ki riƙe tishu a gaban baki ki ce "pan", in bai yi tsalle ba ba ki faɗa daidai ba, sannan ki ce "fan" kina kallon haƙoranki a madubi. Kusan wata biyu na yi ina wannan haukan kafin "fifty people" ta daina kunyata ni a wurin aiki. Ƙamus ɗin Cambridge na intanet kyauta ne, kowace kalma da maɓalli biyu, UK da US, ki danna ki ji ki maimaita. Ga 6 Minute English na BBC a YouTube, data kawai zai ci.

Ba ki tambaya ba amma ki yi hattara da masu tallan "aksent cikin sati biyu" a WhatsApp da Telegram. Dubu 15 na tura wa wani, bidiyoyin YouTube ya turo min da ya kwaso, da na yi magana ya cire ni daga gurup ɗin. In kuma ƙamus za ki saya a kasuwa ki sa a yage ledar a gabanki ki duba alamomin lafazin, na jabu tawadar ta dame ba a gane su, wani ma shafuka ne babu a tsakiya.