Riga Arha, Aski Tsada: Wasiƙa Daga Manchesta

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Ka ce in rubuto maka farashin kaya a nan dalla-dalla, don ka nuna wa abokan zamanka na Kantin Kwari da kuke ta gardama kan rufe iyaka da kayan Sin. To ga abin da idona ya gani, da ɗan abin da na karanta a kai.

Da farko, ka daina mayar da fam zuwa naira, domin wannan lissafin yana ruɗar mutum. A nan da awa ake auna tsada. Mafi ƙarancin ladan da doka ta yanke wa babba a watan Afrilun 2025 shi ne fam 12.21 a awa ɗaya. Rigar sawa ta yau da kullum a kantunan masu arha fam 4 ce, wato aikin minti 20. Ayaba, wadda ko tushe ɗaya ba ya fitowa a sanyin ƙasar nan, kilo ɗaya bai wuce fam 1 da 'yan kai ba, alhali daga Kolombiya ko Kwasta Rika aka ɗauko ta. Ka juya wuyan kowace riga, za ka ga Bangaladash, ko Sin, ko Turkiyya. Koren wake daga Kenya yake zuwa, tumatirin lokacin sanyi daga Sifen da Maroko, shinkafa daga Indiya da Fakistan. Kusan kashi 40 cikin 100 na abincin da ake ci a Birtaniya daga waje ake shigo da shi, kuma ba wanda yake ganin hakan abin kunya ne.

Amma je ka a yi maka aski. Fam 12 zuwa 15, kuɗin riguna uku. Ka kai wa tela wando ya rage maka tsawo, ya ce fam 10, wani lokacin abin da ka sayi wandon ke nan. Famfo ya lalace ka kira mai gyara, kafin ya buɗe jakarsa fam 60 ko 80 ta hau kanka. Hayar ɗaki ɗaya a gidan haɗaka tana cin fiye da fam 500 a wata. Renon jariri kuwa, mata da yawa suna ajiye aiki saboda kuɗin gidan reno yana lashe albashin.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Duk abin da zai shiga kwantena ya hau jirgin ruwa, gasa yake yi da na duniya baki ɗaya, don haka farashinsa yana sauka zuwa na wanda ya fi kowa iya yin sa da arha. Aski ba ya shiga kwantena. Mai askinmu na Fagge bai gaza na Manchesta ƙwarewa ba, kawunan da suke askewa a wuni ma kusan ɗaya ne. Sai dai na nan dole a biya shi kusa da abin da zai samu in ya koma masana'anta ko ofis, inda injina da wuta da tsari suka sa aikin awa ɗaya yake haifar da dukiya mai yawa. Masana biyu, Bela Balassa da Paul Samuelson, sun yi bayanin wannan a 1964. Saboda haka in an ce maka wane yana karɓar kaza a Ingila, ka tambayi nawa haya da mota da gyare-gyare suke bar masa.

Wannan tsadar hannu ita ce asalin gwanjon Ƙofar Wambai. Riga ta yage a nan, ɗinke ta ya fi sayen sabuwa tsada, sai a zuba ta a akwatin sadaka. A tace, a ɗaure dila-dila, a loda a jirgi, ta sauka Kwatano, ta biyo hanya har ta iso muku.

A tsakiyar garin nan akwai wani tsohon gini da aka yi don tunawa da nasarar masu neman ciniki ba shinge, yanzu otal ne. Daga 1815 Birtaniya ta ɗora haraji mai nauyi kan hatsin waje don ta kare manyan masu gonaki, burodi ya yi tsada, ma'aikatan masaƙa suka sha wuya. Mutanen Manchesta irin su Richard Cobden suka yi ta fafutuka har aka soke dokar a 1846. Hujjar da masu goyon bayan ciniki ba shinge suke kafawa da ita har gobe ta David Ricardo ce, wadda ya rubuta a 1817, da misalin yadin Ingila da ruwan inabin Fotugal. Ya ce ko da ƙasa ɗaya ta fi ɗayar iya yin kayan biyu duka, riba ce gare su kowace ta tsaya kan wanda fifikonta ya fi yawa a kai, sannan su yi musaya. Ka ɗauki babban tela da ya fi yaronsa iya aikin wuyan riga, ya kuma fi shi iya guga. Duk da haka ba ya tashi daga kan keke ya kama dutsen guga, don awar da zai ɓata a guga ta fi daraja a aikin wuya. Ya bar wa yaro guga, shagon ya fi samu, yaron ma ya ci abinci.

Na yarda da wannan hujja, kuma akwai shaida a kanta. Koriya ta Kudu da Biyetnam ta hanyar sayar wa duniya kaya suka tashi. Bankin Duniya ya ƙiyasta mutum kusan miliyan 800 da suka fita daga matsanancin talauci a Sin cikin shekara 40, kuma buɗe ƙofar ciniki na cikin manyan dalilan.

Amma, Yaya, akwai abin da nake gani duk lokacin da na shiga mota zuwa Oldham ko Rochdale, garuruwan da ke gefen Manchesta. Manyan masaƙun jan bulo ne jere, waɗanda a da suka tufatar da rabin duniya, har atamfar da kakanninmu suka ɗaura. Yau wasu sun zama ɗakunan ajiya, wasu gidajen haya, wasu kango. Indiya da Japan da Hong Kong suka karɓe sana'ar, daga baya Sin. Ƙasar ta ci gaba da arziki, amma waɗannan garuruwa har yanzu suna cikin mafi talauci a Ingila. In na dube su, Kakuri nake tunawa. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta ciyar da dubban gidaje, ita da sauran na Kakuri da na Sharaɗa da Bompai, sannan suka rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000. Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disambar 2001, ƙa'idar da ke iyakance yawan tufafin da ƙasa za ta fitar ta ƙare a farkon 2005, kayan Sin suka cika ko'ina.

Ba mu kaɗai abin ya taɓa ba. Masanin tattalin arziki David Autor da abokan aikinsa sun bi diddigin garuruwan Amurka masu masana'antun kujeru da tufafi, suka wallafa sakamakon a 2013. Sun samu cewa inda kayan Sin suka fi bugawa, aiki ya ragu, albashi ya faɗi, kuma mutane ba su tashi sun koma wani gari ko wata sana'a cikin sauƙi ba kamar yadda lissafin takarda ya zata. Ribar ciniki tana watsuwa kaɗan-kaɗan a aljihun kowa, ba a ma lura da ita. Hasarar kuwa gari guda take faɗa wa. Magidanci ɗan shekara 50 da ya yi rayuwarsa a gaban injin saƙa ba zai wayi gari ya zama wani abu dabam ba. A nan aƙalla akwai tallafin rashin aiki da asibiti kyauta. Ma'aikatan Kakuri da yawa sun rasu suna jiran haƙƙinsu na sallama. Wannan ne yake ƙona mini rai, kuma duk wanda zai yi mana wa'azin buɗe kasuwa bai ambaci waɗannan mutane ba, ban ɗauke shi da gaskiya ba.

Sai dai abokanka masu cewa a rufe iyaka kawai, ban bi bayansu ba. Shekaru aka yi ana hana shigo da atamfa a hukumance, ta riƙa shigowa ta Kwatano da Maraɗi, masu fasa-ƙwauri suka yi kuɗi, masaƙun kuma suka mutu duk da haka, saboda da janareta suke aiki, audugar Funtuwa da Gusau ta ja baya, injinan sun tsufa. Da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, gaskiya ne an kafa injinan casar shinkafa a Kano da Kebbi da Jigawa, amma kai ka san nawa buhu ya koma, ka kuma san halin da mutanen Jibiya da Illela da Ƙonni suka shiga, waɗanda cinikin wake da dabbobi da albasa tsakaninsu ya girmi iyakar kanta. Koriya ma ta kare masana'antunta, amma da sharaɗi: wanda aka tallafa wa dole ya nuna yana iya sayarwa a waje, in ya kasa a janye tallafin. Mu kariyar muke bayarwa ba sharaɗi, talaka ya biya tsadar.

Maganar da ka yi ta aiko da kaya nan kuwa, ga yadda take. A shagunan 'yan Afirka da na 'yan Asiya ana sayar da zoɓo da citta da riɗi a ƙananan ledoji, farashin ya ninka na Dawanau nesa ba kusa ba, kuma yawancin ribar a wajen mai tacewa da ƙunshewa take. Kasuwa akwai. Amma ka cire wake daga lissafi tukuna: tun 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da busasshen waken Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari da aka yi ta samu a ciki, irin wanda ake zubawa a buhu lokacin ajiya, kuma hukumomin nan ma suna sa ido sosai a kansa. Zoɓo da citta sun fi sauƙi, in an shanya su a kan tamfol ba a ƙasa ba, an tsince tsakuwa, an kai samfuri ɗakin gwaji an karɓi takardar shaida kafin a loda. Ka bincika nawa gwajin da rajistar fitar da kaya za su ci a Kano, ni kuma zan tambayi masu shaguna biyu da muke salla tare ko kilo nawa za su iya ɗauka a karon farko.

Ka gaida Hajiya, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. A gaida su Anti da yara.

Ƙaninka,
daga Manchesta