Sayen injin tsohuwar a-kori-kura: abin da jikin bulok yake faɗa kafin ka biya kuɗi

Har yau a ƙauyukan Kano da Jigawa akwai tsofaffin Fijo 504 a-kori-kura da suke cin kasuwa, Alhamis su nufi Maigatari, Juma'a su nufi Wudil, ɗauke da buhunan gero da riɗi, awaki a ɗaure a kan kaya. Da yawansu a Kaduna aka harhaɗa su, a masana'antar Fijo da ta fara aiki a 1975. Jikin motar yana jurewa, amma inji yana da ranarsa. Idan ya buga, mai mota yakan shiga gari, galibi Ƙofar Ruwa, ya tarar da injina a jere a ƙasa, duk an wanke su da fetur, kowanne ana ce masa "tu lita ne, ɗan Beljiyam". A nan ake cin kuɗin mutane, domin injinan Fijo na fetur na wancan zamani kamarsu ɗaya daga waje: bulok, wato gangar jikin injin, na ƙarfen zubi a kishingiɗe gefe guda, top silinda, wato kan injin, na alminiyam, fulogi huɗu a cikin ramuka masu zurfi.

Uku ne 'yan gida ɗaya da za ka fi haɗuwa da su. Akwai XC mai 1618cc, wanda ya fito daga Fijo 404 kuma aka sa shi a waɗansu a-kori-kura. Akwai XM ko XM7 mai 1796cc. Sai XN1 mai 1971cc, wanda shi ne ainihin abin da ake kira tu lita. Ga mai lodin hatsi a hanyar burji da yashi, XN1 ne injin saye, sauran biyun kuwa na dole ne idan aljihu ya gaza. Bambancinsa da XM7 bai wuce 175cc ba a takarda, amma a cikin rairayin gabashin Jigawa, da buhu goma sha biyar a baya, wannan ɗan bambancin shi ne tsakanin fita da giya ta biyu da kuma ƙona kuloci ana turi. XN1 ba shi da bel ɗin taimin da zai tsinke maka a daji, sarƙa ce. Ba ya buƙatar kwamfuta, kuma duk makanikin da ya yi shekara ashirin a tasha ya san cikinsa kamar yunwar cikinsa. Babban alherinsa shi ne silif ɗinsa, wato bututun ƙarfen da fistin yake hawa da sauka a ciki, na cirewa ne: idan silinda ta cinye, ba sai an kai bulok gari an yi borin ba, a zare silif huɗu da fistin da ringi a zuba sababbi, inji ya koma ma'auninsa na asali. Ana iya yin wannan aikin a ƙarƙashin bishiyar darbejiya a Gumel ko Kazaure idan akwai tsafta da haƙuri.

Sauran zaɓin ba sa buƙatar dogon bayani. Injin gas na Fijo, XD2 mai 2304cc, yana da tsimin mai, amma zafi ɗaya mai tsanani yana iya tsaga masa kai, kuma famfon injektansa ba ya yafe gas ɗin jarka mai ruwa. Injin 505 na alminiyam mai bel, irin ZDJ, ka bar wa masu motar gari. Dasa injin Toyota a jikin Fijo kuma aikin walda ne da canjin giya, kuɗin da za a kashe ya isa sayen XN1 da gyaransa.

To, ta yaya za ka san abin da ke gabanka XN1 ne? Da farko ka rarrabe rubutu iri biyu da ke jikin inji, don mutane da yawa suna haɗa su. Akwai lambar zubi: ita ce mai tudu, wadda ta fito tare da ƙarfen tun ranar da aka narka shi aka zuba a mazubi. Idan ka shafa za ka ji ta taso, kuma fatarta da ta ƙarfen da ke kewaye iri ɗaya ce, mai ɗan kaushi kamar yashi. Wannan lambar ta mazubi ce, dubban bulok suna ɗauke da irinta, don haka ba ita ce za ka tarar a takardun mota ba. Sai lambar bugu: ita ce wadda ta nutse, an buga ta da fanci a kan wani ɗan fili da aka goge sumul bayan an gama haɗa injin. Ita ce lambar injin, ta shi kaɗai. A injinan 404 da 504 na fetur ka neme ta a gefen hagu na bulok, wajen tudun da ake ɗaure ƙafar inji. Wurin yakan cika da baƙin mai da ƙura, sai ka tafi da kananzir, da burushin waya mai laushi, da tocila, da guntun alli. A wanke, a goge, a shafa alli a kai sannan a share da tafin hannu. Farin zai zauna a cikin ramin lambobin su fito fes. Kada ka yarda a sa samfefa ko giranda da sunan "bari a fito maka da ita", domin abin da kake son gani shi ne fuskar ƙarfen kanta.

Dalili kuwa shi ne lambar bugu ita ce mafi sauƙin yi wa ƙarya. Mai fanci da guduma yana iya rubuta duk abin da ya ga dama cikin minti goma. Filin da masana'anta ta goge yana da siraran layukan injin gurza masu tafiya a tsari ɗaya, kuma a miƙe yake. Wanda aka share da giranda yana da ƙyalli da zane-zane a karkace, kuma idan ka kwantar da gefen reza ko ƙaramar rula a kai ka haska tocila ta baya, za ka ga haske yana ratsawa ta tsakiya inda aka ci ƙarfen. Sannan ka dubi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Bugun hannu yakan bar wata ta nutse sosai wata sama-sama, wata ta hau wata ta sauka daga layi, wani lokaci ka ga inuwar bugu biyu inda fancin ya yi tsalle. Idan adadi ɗaya ya maimaitu a cikin lambar, misali 3 sau biyu, kwatanta siffarsu. In sun bambanta, fanci biyu ne suka yi aikin, kuma galibi 3 ce ake mayarwa 8, 1 a mayar 4 ko 7. Waɗansu sukan cike tsohuwar lamba da walda su goge su sake bugawa, a nan launin ƙarfen yakan saɓa da na kewaye, har da ƙananan huji kamar na allura. Waɗansu da fila suke shafewa su fesa fenti. Maganaɗisu ba ya kama wurin da ƙarfi kamar yadda yake kama sauran bulok. In kuwa faranti ne aka kafe da ribit, dubi kan ribit ɗin: sabo fil mai rami a tsakiya a jikin injin da ya haura shekara talatin yana nufin an cire farantin daga wani wuri. Duk injin da aka yi wa sabon fenti a daidai filin lamba kaɗai, tashi ka bar shi, ko da rabin kuɗi ne. Inji mai gogaggiyar lamba yana iya zama na sata, kuma ranar da aka tsayar da kai a shinge, kai ne mai amsa tambaya, dillali yana can shagonsa.

Ko lambar ta fito da gaskiyarta, ba za ta faɗa wa wanda ba shi da littafin masana'anta girman injin ba. Kafireto ma ba shaida ba ne, ana ɗora babba mai baki biyu a kan ƙaramin inji don ya yi kwarjini, murfin bawul kuma kusoshi kaɗan ne a canja shi. Abin da ba a iya canjawa da fanci shi ne faɗin silinda. XN1 milimita 88 ne, XM7 da XC kuwa 84. Idan ya fito 84, sai a auna tafiyar fistin daga sama zuwa ƙasa: 81 na XM7 ne, 73 na XC. Saboda haka ka yi ciniki bisa sharaɗin za a buɗe top silinda a gabanka, kai za ka sayi sabon gasket, makanikinka ya zo da baniya, wato ma'aunin da ake auna faɗin silinda da shi. Mai kaya na gaskiya ba ya ƙin wannan.

Amma a yi hattara wajen buɗewa. Bayan an kwance kusoshi, ba a fizgar kan sama kai tsaye, ana fara gusa shi gefe ne ya saki gasket, in ba haka ba yana iya ɗago silif tare da shi. Kuma kada wanda ya juya karanshaf sai an danne silif ɗin huɗu da manyan washa da gajerun kusoshi. Silif yana zaune ne a kan siririn abin toshi a gindinsa, da ya motsa ko kaɗan toshin ya lalace, ruwa ya fara sauka cikin baƙin mai. Injina da yawa a wurin dubawa aka kashe su ta wannan hanya.

Wannan batun ruwa shi ne ya kamata ya fi damun mai saye fiye da komai, har fiye da hayaƙi. A karkararmu ruwan rijiya ake ɗura wa lagireto, wani mai kanwa-kanwa, shekara da shekaru babu maganin tsatsa. Yana cin hanyoyin ruwa na top silinda har bakinsu ya zama kamar ɓera ya gaigaye, yana kuma cin mazaunin silif a cikin bulok. Bulok ɗin da mazauninsa ya rarake ya tashi daga aiki, ko ka zuba masa sababbin silif zai ci gaba da haɗa ruwa da mai. Gwajinsa ba ya cin ko sisi, kuma kafin a buɗe kai ake yinsa: a cire kaskon mai na ƙasa, a toshe bakunan tiyo, a cika injin da ruwa, a shimfiɗa busasshen kwali a ƙasa a bar shi ya kwana. Ɗigo ɗaya daga gindin silif ya isa. Tunda kaskon a buɗe yake, a kwance metal guda ɗaya, wato ɓawon ƙarfen da karanshaf yake juyawa a cikinsa, a duba bayansa, a nan ake buga STD, wato ma'aunin asali, ko adadin da aka rage wa karanshaf. Wanda aka riga aka yi wa girandin sau biyu ba shi da sauran rai mai yawa, sai farashi ya sauka.

Mai tsohuwar Hilux ko Hiace ya fi samun sauƙi, domin Toyota tana buga sunan injin a farkon lambarsa: 22R, 3Y, 4Y, 2L, 3L, sannan adadi ya biyo. Duk da haka ana sayar da 2L mai 2446cc a matsayin 3L mai 2779cc, kuma baniya ce dai mai raba gardama, 92 da 96. Shi kuma 22R iri biyu ne duk da sunan ɗaya: na kafin 1985 da na bayanta ba sa musayar top silinda da sarƙar taimin yadda ake so, ana gane su ta ramukan fitar hayaƙi, na tsohon zagayayyu ne, na sabon kuma kamar siffar gora. Waɗanda suke da sarƙa mai layi ɗaya suna da madogarar roba da takan karye, sarƙar ta riƙa gugar murfin gaba har ta huda hanyar ruwa, don haka ka leƙa ta saman murfin bawul da tocila ka ga ko akwai sawun guga.

Idan ciniki ya faɗa, a rubuta rasit da cikakkiyar lambar bugu kamar yadda take a ƙarfe, da sunan shago, da kwanan wata, da sharaɗin kwanakin da za a iya mayarwa in ya haɗa ruwa. Ka ɗauki hoton lambar da waya tun allin yana kai, ka kuma kwafe ta ta hanyar ɗora farar takarda a goga fensir. Tsohon bulok ɗinka kada ka sayar wa 'yan gwangwan sai an gyara takardun motar a ofishin lasisi sun nuna sabuwar lambar.