Makarantar 'yata a Aboabo da rahoton masu duba makarantu

Makarantar kuɗi ce 'yar ƙarama a cikin Aboabo, nan Kumasi. Hedimasta ya nuna mini rahoton NaSIA, hukumar da dokar 2020 ta ɗora wa duba makarantun Ghana, inda suka yaba yadda ake koyar da lissafi da Turanci. Gaskiya suka faɗa. Malamar aji huɗu takan bi littafin 'yata layi-layi da jan biro, ta nuna mata inda ta kauce, ta sa ta sake. Yarinyar da a da ko lissafin rabawa ba ta iya ba, yanzu ita ke ba masu sayen kokona canji da safe.

Sai dai masu dubawa baƙi ne, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Rahoton bai ambaci ruwan da ke kwanciya a tsakar makarantar da damina ba, har ƙanana su shiga aji da jiƙaƙƙen takalmi. Bayin 'yan mata kuwa ƙofarsa a ɓalle take. Malamin kimiyya ma ya ajiye aiki a tsakiyar shekara saboda albashi, aka daɗe ba a sami wani ba. Wannan ya dame ni ƙwarai.

'Yar'uwa, in kina tunanin sa yaronki a wannan makaranta, ki karanta rahoton, amma ki nemi sakamakon BECE, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, na 'yan shekarun nan, ki je lokacin tashi ba tare da sanarwa ba, ki tambayi iyayen da ke jira a bakin ƙofa. 'Yata za ta ci gaba a nan. Ƙanwarta kam sai sun gyara bayin.