Ma'aunin sanyi na firiza: ra'ayin mai sayar da kunun aya

Sana'ata kunun aya da zoɓo da kaji a Kano, kuma bayan firiza babu abin da na saya da ya amfane ni kamar ɗan ma'aunin sanyin nan mai waya. Bakin wayar yana cikin firiza, allon lambobin yana waje, ba sai kun ɗaga murfi sanyi ya tsere ba kafin ku san halin da kaya ke ciki.

Abin da ya sa nake yaba shi, yana ajiye lamba mafi zafi da firizar ta kai. Sai a ɗauke wuta da dare, a dawo da ita kafin asuba. Da safe ku taɓa kaza ku ji ta tauri kamar dutse, alhali ta narke ta sake daskarewa. Hannu ba ya gane wannan, hanci ma haka, domin ƙwayar cuta irin salmonela ba ta canza warin nama. Ma'aunin kuwa zai nuna muku.

Firiza ana so ta tsaya a digiri 18 ƙasa da sifili, firij kuma kada ya haura 5. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 5 zuwa 60 ne ƙwayoyin cuta suka fi saurin hayayyafa. Hukumomin abinci na Amurka sun ƙiyasta cewa firij a rufe yana riƙe sanyi kamar awa 4, firiza cikakkiya awa 48, mai rabin kaya awa 24. A zafin Afrilu na Kano ban yarda in jira har ƙarshen wannan lissafi ba. Da na ga lamba ta fara hawa sai in aika a sayo ƙanƙara. Zoɓo yana ɗan jurewa, amma kunun aya ba ya haƙuri ko kaɗan, kuma yara ne suka fi shansa.

Yana da nasa aibin. Allon ba shi da haske, sai da tocila ake karanta shi cikin duhu, wato daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Wayar kuma tana ɗan ɗaga robar murfi, sai an manne ta da salatif. Batirinsa ƙarami ne irin na agogo, ku sayi na ajiya tun ranar farko, don idan ya mutu da dare lambar da ya ajiye ta tafi.