Giyar 505 mai biyar ko otomatik mai huɗu a 504?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka ce Peugeot 504 ɗinka mai otomatik tana ihu in ka hau babbar hanya, kana son canza mata giya. Tsakanin giyar Peugeot 505 manuwal mai biyar da otomatik mai huɗu ta kamfanin ZF, wato 4HP22, da kake shawara a kai, sa manuwal ɗin ka huta.

Ihun da motar take yi maka a hanyar Gombe ba laifin inji ba ne. Otomatik ɗin Peugeot 504 giya uku gare ta, kuma a ta ukun juyin inji da na furofela ɗaya ne. Da ka wuce kilomita 100 a awa babu sauran giyar da za ta shiga, sai ƙara da shan mai, allurar zafi tana ɗagawa.

Tawa 504 ɗin mai biyar ce a ciki, daga wata 505 da ta yi hatsari aka ciro. Bikin ƙanwar matata na kwashi iyali daga Bauchi zuwa Jos, but cike da garar amarya. Daga Nabordo har Tilden Fulani hawa ake yi, amma ni ke zaɓar giyata: in ta yi nauyi in dawo huɗu, in hanya ta miƙe in mayar biyar. Surukata da ke baya, wadda ba ta shiga mota ba ta yi ƙorafi ba, barci ta yi har muka shiga gari. Ta biyar ɗin tana rage juyin inji kusan kashi ɗaya bisa shida, kuma wannan ya ishi inji mai lita 2 da kafireta. Ga sauƙin gyara: tun 1975 ake haɗa Peugeot a Kaduna, don haka ko a Alkaleri kulocinka ya ƙone za ka sami bakaniken da ya san ta. In batir ya mutu kuma, yara su tura ta tashi.

Ita 4HP22, to, giya ce mai kyau a motar da aka yi ta dominta. Ta huɗunta 0.73 ce, wato juyin inji 3,500 a minti ya koma wajen 2,550, sai dai injinka ba shi da ƙarfin riƙe wannan a tudu, za ta yi ta sauka tana hawa. Tsofaffin kuma ba sa son a zuga totur a P ko N (fakin ko firi), kulocin cikinsu yana ƙonewa, kai kuwa ka san bakanikenmu da zuga mota.

Kada ka sayi giyar mai biyar ita kaɗai. Furofelar 504 a cikin bututu take, tsawonsa kuma da tsawon giya yake tafiya, saboda haka ka nemi furofela da bututun tare da ita. Sai falawil, filet da dis na kuloci, fedoji, masta na sama da na ƙasa. Mai wayarin zai haɗe wayar da ke hana mota tashi in ba a P ko N take ba, ya gyara ta fitilar ribas.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da wasu 'yan kayan gyara. Ana wanke giyar da ta gama aiki a tasha da fetur, a fesa mata fenti a ce 'yar Beljiyam ce. Wani mai huɗu zai miƙo maka ya rantse mai biyar ce. Ka tafi da bakanikenka, ko Panteka ce ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, a sa sandar giya a shiga kowace ɗaya a gabanka, a zuba man a duba ko akwai garin ƙarfe. Masu 4HP22 ɗin ma haka: akwai ta BMW da ta Volvo, bakinsu bai dace da injin Peugeot ba, wasu ma sai da kwamfuta suke aiki. A rubuta maka a rasit cewa in ba ta yi ba za ka dawo da ita.

In dai ba ciwon gwiwa ke hana ka taka kuloci ba, sayi mai biyar. Tsohuwar otomatik ɗin ka adana ta a gida, don mai neman motar yadda ta fito daga kamfani zai tambaye ka ita ranar sayarwa.